Ƙafar Kakana da Kunyar Gidanmu

Assalamu alaikum. Sunana Hadiza, shekarata goma sha shida, ina aji biyu na babbar sakandare a nan Daura. A gida Rediyo ake ce mini. Kakana ne ya laƙaba mini sunan, wai tun da aka kunna ni ranar suna ba a samu wanda ya san inda ake kashewa ba. Na rubuta wannan ne domin duk mai tsoho a gida, musamman tsoho mai ciwon suga, ya tashi ya je ya duba ƙafarsa yau ɗin nan. Wanda kuma yake cin abinci ya ajiye kwanon tukuna. Ni da na yi jinyar, sai da na yi wata biyu ban iya haɗa ido da miyar kuɓewa ba.

Kakan nawa sunansa Malam Habu, mahaifin Babanmu, amma ni Tsoho nake ce masa. Ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da adabi a sakandare kafin ya yi ritaya. A ƙarƙashin gadonsa akwai adaka cike da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, a ciki ya rubuta wasannin kwaikwayo goma sha ɗaya, ba a taɓa yin ko ɗaya a dandamali ba, kuma wannan rahama ce ga jama'ar Daura. Na karance su duka a wani dogon hutu. Babu wanda jaruminsa ya kai shafin ƙarshe da rai. Na taɓa zama in ƙirga gawarwakin, na gaji a arba'in. A ɗaya daga ciki akwai wani dillalin shanu da matarsa ta ce kada ya je kasuwa, uwarsa ta ce kada ya je, har jakinsa ya ƙi tashi, amma ya tafi da ƙafa aka kashe shi.

Da na tambaye shi me ya hana ko jarumi ɗaya ya tsufa ya mutu a kan tabarmarsa da cikinsa cike da tuwo, sai ya ce wannan ba adabi ba ne, hirar bakin rijiya ce. A wurinsa labari na gaske shi ne mutum ya hango ƙarshensa yana tahowa, ya san ba makawa, ya tunkare shi da kansa a sama. Ya ce duniyar ma haka aka rubuta ta, kowa labule yake jira. Ni kuma na ce masa jarumansa ba ƙaddara ce take kashe su ba, ciwon kunne ne. Ya jefe ni da silifas.

Ni kaɗai nake iya yi masa irin wannan magana a gidan, don jika ce ni, duk abin da ya fito bakina wasa ne. Baba kuwa ɗan fari ne. Ban taɓa jin Tsoho ya ambaci sunansa ba, sai dai ya ce "mai hatsi", saboda hatsi Baba yake sayarwa a kasuwa. Shi ma Baba in ya shiga ɗakin, durƙusawa yake yi daga bakin ƙofa, idonsa a ƙasa, kuma kalma ɗaya ya iya a gabansa, ita ce "to". Da Tsoho zai ce masa rana daga yamma take fitowa, Baba zai ce to, ya je ya juya shagonsa.

Abin ya fara ne a ƙarshen damina, lokacin yankan gero. Tsoho ya je gonarsa ta hanyar Dutsi don ya tsaya a kan masu aiki, ya taka kututturen kara, ya huda shi a gindin babban yatsa na ƙafar hagu. Bai ji komai ba. Ashe masu suga ƙafarsu takan daina jin zafi, mu ba mu sani ba. Sai da ya dawo Inna, kakata, ta ga jini a cikin takalminsa. Dama ya daɗe da sugar, amma maganin sai ya ga dama yake sha, wai ƙwaya ba ta goge abin da aka rubuta, jinkirta fitowa ta ƙarshe a wasan kawai take yi. Inna ta gasa wurin da ruwan zafi da gishiri, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta ɗaure da tsumma. Ramin bai fi ƙwayar wake ba. Har dariya na yi masa, na ce duk jarumtakar tasa kara ne ya kayar da shi.

A mako na biyu ƙafar ta kumbura ta zama kamar tulu. Mai kemis na bakin layi ya zo ya yi masa allura kwana uku, ya ba shi wasu ƙwayoyi masu ja da ɗorawa, ya ce sanyi ne. Daga nan 'yan dubiya suka fara, kuma in na ce 'yan dubiya sun fi ciwon illa ban yi ƙarya sosai ba. Wannan ya zo da lemon kwalba, wancan da zuma, wata da fura da ta sha sukari har cokali yana tsayawa a ciki. Kowa kuma sai ya tsaya ya ga Tsoho ya kurɓa, don ƙin kurɓa wulaƙanci ne. Mutumin da jininsa ya riga ya zama alewa, ana ƙara masa.

Bayan kurɓa sai labari. Ban taɓa sanin mutane da yawa haka sun mutu da ciwon ƙafa ba. Wata dattijuwa daga Baure ta ɗaga tsumman ta leƙa, ta ce sak irin na mijinta, ranar Alhamis ya fara, ranar Juma'a aka kai shi, sannan ta ce Allah ya ba da lafiya, ta tambaya ko akwai sauran furar. Wani ya kawo labarin maƙwabcinsa da aka kai asibiti da ƙafarsa aka dawo da shi a amalanke. Da wani majinyaci ne da ya tsorata. Tsoho kuwa fuskarsa haske take yi, yana gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibai suka ba shi amsa daidai.

Mutum biyu ne ba sa fashi. Na farko Alhaji Sale, abokinsa tun suna samari, lokacin da suka yi siyasar talakawa tare har aka taɓa tsare su kwana biyu, abin da suke ba da labarinsa kamar shekara ashirin suka yi. Ya nemi kansila sau uku, ya faɗi sau uku. Kullum bayan la'asar zai zo ya zauna, su biyu su yi wa ƙasar nan wanka, su sa mata likkafani, su binne ta, gobe su tono ta su sake. Talakan da suka sha wuya dominsa yana sayar da ƙuri'arsa da taliya da sabulu, na sama sun cinye, na ƙasa suna jiran su hau su ci, babu gyara har a busa ƙaho. Alhaji Sale yakan rufe da cewa wanda ya mutu yanzu shi ya huta.

Na biyu Malam Ɗahiru, ƙanin Tsoho, muna ce masa Malam Ƙarami. Yana koyarwa a Islamiyya a Zango, duk bayan kwana biyu sai ya hau babur ya zo. Zai yi addu'a mai tsawo, ya tuna wa yayansa cewa duniya wurin wucewa ce, ciwo kuma kankarar zunubi ne ga wanda ya yi haƙuri. A nan Tsoho zai ce madalla. Daga ƙarshe Malam Ƙarami zai ƙara da cewa neman magani ma umarni ne, da Yaya zai daure a je asibiti. Amma wannan ɓangaren tabarma yake faɗa wa, da muryar da ko sauro ya fi ta ƙarfi, kuma daidai nan kunnen Tsoho yake rufewa.

A mako na uku wari ya fara. Ban san yadda zan kwatanta shi ba. Ku haɗa kwatar mahauta da rana tsaka, da ƙwan da ya yi wata guda a ƙarƙashin kaza bai ƙyanƙyashe ba, ku zuba sukari a kai, don akwai wani zaƙi-zaƙi a cikinsa wanda shi ne yake tayar da zuciya. Yana kama tufafi. Na je makaranta ƙawata ta tambaye ni ko mun fara kiwon angulu.

To ga abin da ya fi ba ni ƙyama, fiye da warin. Inna ta fito tsakar gida ta ce ɓera ya mutu a ɗakin Malam. Baba ya dawo daga kasuwa ya ce lalle ɓera ne. Ya tuɓe riga, ya ja kabad, ya ɗaga gado da Tsoho a kai, ya fito da adaka, ya ɗauko tsani ya leƙa silin da tocila. Kwana uku ana farautar ɓeran nan. Umma, mahaifiyata, ta share ɗakin har ta kusa kankare simintin. Aka kunna turaren wuta har ɗakin ya zama kamar wurin mai tsire, warin ya auri turaren suka haifi wani sabon abu da ya fi su duka muni. Alhaji Sale ya fara zuwa da hankici a hanci, wai mura ce ta kama shi. Kuma duk cikinsu babu wanda bai san inda ɓeran yake ba. Yana ƙarƙashin zanen da Tsoho ya lulluɓe ƙafarsa da shi. Amma wa zai dubi dattijo, malamin malamai, ya ce masa jikinsa ne yake ruɓewa?

Ni ce ya kamata in faɗa. Na buɗe baki ranar farko, Umma ta ja ni bayan ɗaki ta ce wannan ba abin wasa ba ne, in na kuskura sai ta ɗinke mini leɓe da zaren buhu. Na yi shiru. Sau ɗaya tak a rayuwata na yi shiru da aka ce in yi, kuma shi ne shirun da ya fi kowane surutuna ɓarna.

Aikina a lokacin shi ne fifita da korar ƙuda da zubar da ruwan wankin ciwo. Ƙudajen Daura kaf sun san gidanmu, har da baƙi daga Zango. Wata safiya Inna ta kwance tsumman ina riƙe da roba, na ga yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin kamar gawayi, kuma a tsakaninsu wani abu fari yana motsi. Na ajiye robar a hankali, na fita, na amayar da kokon da na sha da wanda zan sha gobe. Inna ta mayar da tsumman ta ɗaure, Tsoho kuwa yana kallon rufin ɗaki. Ya daina duban ƙafar tun tuni.

Sai a mako na huɗu aka kai shi asibiti, shi ma don zazzaɓi ya rufe shi ya fita hayyacinsa, yana kiran sunayen ɗalibansa na da yana cewa su zauna. Da ya kasa cewa a'a, sai Baba ya samu ƙarfin hali ya tsayar da a-daidaita-sahu. Direban ya tuƙa mu yana leƙa kansa waje saboda wari.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don akwai mutanen kirki a ciki. Amma layi kam akwai shi. Layin yankar kati, layin awon jini, layin karɓar sakamako, layin tambayar wane layi za a bi. Na rantse na ga yaron da aka zo da shi a goye ya fara tafiya kafin a kira uwarsa. Mu dai warin ya yi mana rana a karo na farko, don muna isowa mutane suka dare gida biyu, wani ma ya ce a bar dattijon ya wuce don Allah. Komai kuma sai ka sayo da kanka, safar hannu, auduga, bandeji, ruwan ƙari. Kafin mako ya zagayo ragunan da Baba yake turkawa sun bar gidan.

Likitar mace ce, siririya, ba ta fi Umma shekaru ba. Ta kwance tsumman ko yamutsa fuska ba ta yi ba, na ji ta burge ni. Ta tambayi kwana nawa ke nan. Baba ya ce 'yan kwanaki ne. Ta dube shi ta cikin tabarau har sai da ya ce kusan wata. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, gangirin, kalmar da har yau in na tuna ta nake jin ɗaci a maƙogwarona. Sannan ta yi mana bayani da Hausa.

"Naman nan ya mutu," in ji ta. "Wanda ya mutu ba ya warkewa, hawa yake yi. Yau yatsu biyu nake nema. In kuka jira, ba yatsu zan nema ba."

Aka ba shi gado, aka sa masa ruwa da allurai, sugar ta sauka, zazzaɓin ya sake shi. Washegari ya farfaɗo garau, aka kawo masa takardar da zai sa hannu. Ya nemi tabarau, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, ya gyara wani kuskuren rubutu da biro, ya mayar mata. Ya ce da yatsun ƙafa goma Allah ya aiko shi, da goma zai koma. Ya haura saba'in, ya ga yadda wasan zai ƙare, ba zai tsaya ana yankarsa gunduwa-gunduwa kamar naman layya don a ƙara masa 'yan kwanaki a ƙasar da ba ta da gobe ba. Likitar ta juya ga Baba. Baba ya dubi ƙasa, ya ce to.

Mako na biyar a ɗakin majinyata muka yi shi. A nan dole in gode wa wani nas, dogo, mai tsagen Fulani, wanda kullum da safe yake wanke ciwon nan yana yi wa Tsoho hirar farashin shanu kamar ba komai. Allah ya saka masa. Ban-ɗakin wurin kuwa ba zan ce komai ba, sai dai shi kaɗai ne ya iya yin gasa da mu. Majinyatan gadajen kusa suka fara neman a sauya musu wuri, ɗaya ma mai karyayyiyar cinya ya ce ya ji sauƙi a sallame shi.

Likitar ta ja layi da biro a kan ƙafar, daidai inda baƙin ya tsaya. Da safe sai a ga ya ƙetare. Ta sake jan wani. Ƙafar ta zama kamar littafin ɗan aji ɗaya.

Shi kuwa Tsoho ya buɗe fada. Ya kira mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman yafiya. Ya raba hulunansa. Ya ce adakar ni za a ba, ko zan yi hankali. Ya faɗi wanda zai yi masa wanka da wanda zai ja salla. Alhaji Sale yana gefe da hankicinsa yana ƙara masa iska, wai Habu bai taɓa durƙusa wa mai mulki ba, ba zai durƙusa wa wuƙa ba, irinsu sun ƙare. Inna ta daina cin abinci, zaninta har yana zamewa. Na ji Malam Ƙarami a baranda yana ce wa Baba wannan ba tawakkali ba ne, kuma akwai alhaki a kansu duka. Baba ya ce to Baffa ka faɗa masa mana. Malam Ƙarami ya ce mutumin da ya goye shi ya kai shi makarantar allo, ta yaya zai ɗaga masa murya? Suka tsaya suna kallon juna, manya biyu masu gemu, ƙafa tana ci gaba da hawa.

Ranar Laraba da hantsi Baba ya kira ni gindin darbejiyar da ke bayan ɗakin. Baba ba mai hira da 'ya'ya ba ne, na ɗauka wani laifina ne ya fito. Ya daɗe yana wasa da makullin babur.

"Hadiza, ke ai kakanki ne."

Na ce e.

"Duk abin da kika faɗa masa, ba wanda zai ce rashin kunya ne."

"Me zan faɗa masa, Baba?"

"Ni ban ce ki faɗi komai ba."

Ya juya ya tafi. Na ga ya cire hula ya goge fuska da ita, alhali ba zafi ake yi ba.

Bayan la'asar aka buɗe wa 'yan dubiya ƙofa. Inna tana zaune a ƙasa, Malam Ƙarami a bakin gado, Alhaji Sale a kan kujera, Baba a can bakin ƙofa inda ya saba. Tsoho yana cikin bayanin cewa mutum ba ya zaɓen ƙarshensa, amma yana zaɓen yadda zai tsaya a gabansa. Ni ina fifita. Na ajiye maficin.

"Tsoho, wari kake yi."

Har mai karyayyiyar cinya ya daina nishi. Tsoho ya yi murmushi, ya ce wa ya murɗa wa Rediyo tasha.

"Ba wasa nake ba. Babu ɓera, ba a taɓa yin ɓera ba. Baba ya hau silin yana neman abin da yake ƙarƙashin zanenka. Kowa ya sani, kai ma ka sani."

Alhaji Sale ya ce yarinya ki iya bakinki. To shi ma sa'an kakana ne, wasan ya hau kansa, don haka na ce ya cire hankicin daga hanci tukuna sai ya maimaita. Bai cire ba. Na juyo kan Tsoho.

"A littattafanka jarumi yana faɗuwa a ja labule, kowa ya tafi gida. Ka taɓa rubuta wadda take zubar da ruwan robar? Ni ce. Na ga tsutsa a ƙafarka, Tsoho. Kai kana cewa da kanka a sama za ka tafi, alhali a kwance kake, ƙuda suna bin ka. Dubi Inna. Kwana nawa rabonta da tuwo? Kai ka samu ƙarshe mai kyau, mu ka bar mu da wanki."

Ban san ina kuka ba sai da na ji gishiri a bakina. Sai ga wata murya da ban taɓa ji da ƙarfi haka ba, ashe ta Malam Ƙarami ce.

"Yaya, gaskiya ta faɗa. Na yi ta gaya maka rabin magana kana ɗauka, rabin kana bar mini. Wanda ya ce a yi haƙuri da ciwo shi ya ce a nemi magani. Jikin nan amana ne, ba naka ba ne da za ka bar shi ya lalace don labari ya yi daɗi."

Tsoho ya miƙa hannu ya yaye zanen, ya sa nas ya kwance bandejin. Ya dubi ƙafar, karo na farko cikin makonni. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ce kowa ya fita. Na tsaya ina tsammanin ban da ni, don kullum ban da ni.

"Hadiza," ya ce, "fita."

Tun da na yi wayo bai taɓa kirana da sunana na yanka ba sai ranar. Kuma har yau da nake rubutun nan bai koma ce mini Rediyo ba. Na san na yi ta zuzuta abubuwa a labarin nan, amma wannan ban ƙara masa komai ba.

Kwana biyu bai yi magana da kowa ba, ya juya wa ƙofa baya. A rana ta uku ya aika nas ya kira likita, ya ce a kawo takardar. Ta zo, ta duba layukan bironta, ta latsa nan ta latsa can, ta ce waccan takardar ta daina aiki. Baƙin ya wuce idon sawu. Yanzu daga ƙasan gwiwa ne. Kwana goma sha ɗaya ne tsakanin yatsu biyu da ƙafa guda. Na ɗauka zai fasa. Ya karanta sabuwar takardar, wannan karon bai gyara komai ba, ya sa hannu.

Baba ne ya ba da jini. Aka shiga da Tsoho ɗakin tiyata ranar Talata da safe, aka fito da shi kafin azahar, zanen da aka rufe shi da shi ya kwanta sumul a gefen hagu. Inna ta duba sau ɗaya ta kau da kai.

Yanzu wata huɗu ke nan. Yana gida, yana koyon sanda, yana zagin sandar. Muna godiya ga likitar nan da nas ɗin nan, da maƙwabtan da suka yi ta aiko da abinci, da Malam Ƙarami da ya ƙona man babur ɗinsa tsakanin Zango da Daura. Masu kawo lemo da labarin matattu kuwa, Allah ya shirye ku, in za ku dubiya ku yi addu'a ku tashi. Ku kuma masu tsofaffi, ku riƙa duba tafin ƙafarsu da tsakanin yatsu kullum, ko sun ƙi. Ƙaramin rauni a ƙafar mai suga na asibiti ne tun ranar farko, ba na bagaruwa ba. In kuma kun ji wari, kada ku ɗauko tsani. Kunyar gidanmu kyakkyawa ce, kowa yana yabonta a unguwa, amma ta ci ƙafa guda.

Abu ɗaya ya rage, wanda ban san ana yi ba sai a kanmu. Bayan aikin an miƙa wa Baba ƙafar a naɗe. Malam Ƙarami ya ce ɓangaren jikin ɗan Adam ne, ba a yar da shi, binnewa ake yi, amma ba a yi masa salla. Suka sayo farin ƙyalle suka ƙara naɗe ta, suka hau babur da ita zuwa maƙabarta.

Washegari da hantsi Tsoho ya gama farfaɗowa. Ɗakin babu warin komai sai na maganin goge ƙasa, ni kuwa ban taɓa shaƙar turare mai daɗinsa ba. Ina zaune nesa da gadon, don ban san matsayina ba. Ya yafito ni da yatsa. Ya tambaya ina aka kai ta, na ce an binne.

"Su wa suka je?"

"Baba da Malam Ƙarami, sai mai haƙa."

"Mutum uku."

"Alhaji Sale ya so zuwa, amma suna da taron jam'iyya."

Ya kalli inda zanen ya kwanta. Na gyara zama, na ce yau za mu sha jawabi a kan ƙaddara har la'asar. Sai ya tambaya ta wane gefe aka sa ta. Na ce Baba ya ce ta gabas, kusa da wata kuka, kuma mai haƙan ya ce akwai fili a gefenta, zai iya kula da shi in ana so.

"Wuri mai kyau ne," in ji Tsoho. Ya ɗan motsa guntun ƙafar, ya cije leɓe har zafin ya wuce. "A gaya masa ya ba wani. Ita da ta yi gaggawa ta jira. Miƙo mini ƙwayoyin nan da ruwa, kafin likitar ta zo ta fara."